Ido Biyu, Tike Guda

Duk wanda ya taɓa shiga filin ƙwallon Dakoro ranar wasa ya san wani benci da ke gefen yamma, daidai tsakiyar fili. Mutum biyu ke zama a kansa. Ɗaya tsoho ne siriri, sanda tsakanin gwiwoyinsa, kansa a karkace kamar mai sauraron motsin ɓera cikin rumbu. Ɗayan dogo ne, ya sunkuyo wajen kunnen tsohon, maganarsa ba ta yankewa tun daga busar farko har ta ƙarshe. Tsohon shi ne Na'Allah tela, wanda idonsa ya daɗe da rufewa. Dogon kuwa Agali ne mai shayi, wanda ke yi musu kallo su biyu.

Ba a Dakoro aka haifi Agali ba. Iyayensa Buzaye ne makiyaya daga can arewa. Babban farin da aka yi a shekarun tamanin ya cinye musu dabbobi, suka gangaro da jakuna biyu da tabarmin bukka, suka kafa a bayan gari. Lokacin Agali ya iya kiwo, bai iya Hausa ba. Abu na farko da ya gane a garin ba tare da an fassara masa ba shi ne ƙwallo. Ya ga wasu suna koro abu, wasu suna tarewa, wani ya zagaya ta baya ya datse hanya. Wannan ai ya san shi, haka ake tattara awaki a bakin rijiya.

Bai taɓa zama ɗan wasa ba. Ƙafarsa ta doguwar tafiya ce, in ya bugi ƙwallo sai ta nufi inda ta ga dama. Ya girma, ya kafa teburin shayi a bakin kara, inda dillalai da Fulani da masu motocin dabbobi ke zama, ya auri Zuhura, suka hayayyafa. Amma ranar wasa, ko kasuwa na ci, da la'asar ta gabato zai kashe gawayi ya kife kofuna. Masu shan shayinsa sun daina yi masa faɗa a kan haka. Wanda ke son zagaye na uku ya san ranar da zai nema.

A farkon zuwan su Agali filin ba shi da katanga, ba shi da ƙofa. Fegi ne kawai tsakanin lakwal, wato makarantar boko, da hanyar kara, da itace bibbiyu a kowane gefe. Wani lokaci sai a tsayar da wasa garken shanu ya ratsa, ƴan wasa su huta, mai busa ya sha ruwa. Kallo kyauta ne kamar kallon hadari.

Na'Allah ne ya tara samarin farko ya sa musu suna Matasan Tarka. Shi ya ɗinka musu rigunan farko da ragowar yadi, lambar wani ma ta fito a juye, aka yi ta buga wasa da ita haka. Kuma shi ne ya fara kawo biya a filin Dakoro, yana faɗa da bakinsa yana dariya. Ƙwallonsu guda ce, ƙaya ta huda ta har babu sauran wurin faci. Sai ya aro zana ya kewaye fili, ya zauna a bakin ƙofa da ƙoƙo, ya ce kowa dala guda. Mutane suka ce kuɗin mi? Ya ce kuɗin kallo. Sunan ya zauna.

Abin da aka fara da ƙoƙo ya girma ya fi ƙarfin mai shi. Zana ta zama katanga, ƙoƙo ya zama tebur da tike. Dala guda ta zama biyar, biyar ta zama ashirin, ranar babban wasa har hamsin. Marasa kuɗi suka koma hawan dogon yaron da ke bayan katanga, har mai gidan da bishiyar ke ƙofarsa ya farga, shi ma ya sa farashi, reshen sama ya fi na ƙasa tsada. Gidan kallo da ake nuna wasannin Turai a tele kuwa, duk ranar da mai ya tashi shi ma sai ya tashi. Magidancin da a da yake zuwa da ƴaƴansa duka, yanzu shi kaɗai yake zuwa, ya koma gida ya ba da labari. In aka tsokani Na'Allah da wannan sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ni dala guda na ce. Sauran ba hannuna."

Idonsa a hankali ya tafi. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya fuskoki suka zama inuwa. Ya bar wa ɗiyarsa Hafsatu keken ɗinki, amma bai bar fili ba. Sai dai zaman ya zama wahala, don samari ba su iya ba makaho labarin ƙwallo ba.

"Mi ke faruwa?"

"Ana bugawa, Baba."

"Na san ana bugawa, ai ba jana'iza muka zo ba. Wa ke da ita?"

Kafin a amsa masa an manta da shi.

Wata la'asar sai ya ji wani a bayansa yana magana shi kaɗai, ƙasa-ƙasa: "Kai, wannan bunsurun ya bar garke. Ga kura nan ta bayansa bai gani ba. Juyo, juyo... shi ke nan, an cinye shi."

"Wa ke nan bayana?"

"Agali ne, Baba. Mai shayi."

"Wane ne bunsurun?"

"Lamba tara."

Na'Allah ya matsa gefe, ya bubbuga benci da tafin hannu. "Taho nan ka zauna."

Daga ranar suka zama abin da Dakoro ta sani. Harshensu daban ne. Masu tsaron baya shanu ne, masu gudun gefe awaki, raga kuwa rijiya ce. Jibril, dogon ɗan gaba, shi ne raƙumi. Alƙalin wasa kuma sunansa mai gona, don shi ne kullum ke ihu wai an shigar masa inda bai kamata ba. Kowa shi ke biya wa kansa a ƙofa. Na'Allah bai taɓa yarda a shigar da shi kyauta ba, wai kunya ce mai ƙoƙo ya shiga ta bayan ƙoƙo. Da farashi ya yi sama sai suka koma zaɓen wasa: ƙananan su bar su, manya su je.

Bana Matasan Tarka suka yi abin da ba su taɓa yi ba, suka kai wasan ƙarshe na kofin jaha. Za a buga a babban filin Maradi, da mutanen Tasawa. Ranar da labari ya iso, Na'Allah ya sa aka jawo shi har teburin shayi. Bai zauna ba.

"Agali, tun da na kafa yaran nan bisa rairayi suke wasa. An ce filin Maradi haki ne kore shar. Ina son in zauna cikin filin nan in ji suna buga ƙwallo bisa haki. Bayan wannan ko mi ya zo, ya zo."

"Za mu je, Baba."

Ya faɗa ne a gaban dillalai, kuma dillalai ba su mantuwa.

Rediyo ta faɗi farashin ɓangaren rana, inda talakawa ke zama, suka auna suka ga za su iya in an matse. A gida Zuhura ta tsaya tana kallon Agali yana goge takalminsa.

"Kai da bikin ƙanwata a Korahane ka ce kuɗin mota ya yi yawa."

"Ƙanwarki ba ta kai final ba."

"Allah ya shirye ka." Ta ƙulla masa cuku da dabino a leda, ta ƙara da cewa, "In an ci ku kar ka shigo mani gida da fuska kamar an sace maka akuya."

Hafsatu kuwa sabuwar riga ta ɗinka wa mahaifinta, kore da fari, launin ƙungiya. Ta ɗinke kuɗin motar dawowa a cikin aljihun ciki, ta ja kunnen Agali: "Kawu, wannan na dawowa ne, ba na komi ba. Yadda ka ɗauke mani shi haka za ka maido mani shi."

Magoya baya sun haɗa kuɗi sun ɗauki babbar mota, amma tsaye ake tafiya a bayanta, ba tafiyar tsoho ba ce. Sai su biyun suka nufi tasha da sassafe. Nan suka tarar kuɗin mota ya tashi tun jiya, don direbobi ma suna jin rediyo. Suka biya. Motar ta tsaya a Kornaka aka yi ta lodin buhunan wake kamar ba za a gama ba. Da suka wuce Sabon Maci taya ta fashe, ta sauyin kuma ba iska. Suka zauna gindin wata aduwa suna cin cuku, Na'Allah yana tambayar inda rana take, Agali yana rage mata tafiya a bakinsa don kar hankalin tsoho ya tashi.

Ana kiran la'asar suka shiga Maradi. Suka yi salla a gurguje, suka kutsa cikin taron da ke bakin fili, Na'Allah riƙe da gwiwar hannun Agali. Masu ganga, masu ruwan sanyi, masu tallar tuta, ga ƙarar mutane daga ciki kamar ana ruwa a kan kwano. A wurin sayar da tike aka ce musu na ɓangaren rana ya ƙare tun azahar. Saura na tiribin, inda ke da rumfa da kujeru. Wani mai shela yana ta maimaitawa da lasifika a hannu: "Kuɗin kallo jika biyu! Tiribin kaɗai ya rage! Kuɗin kallo jika biyu!"

Abin da ke hannunsu duka, in ba a taɓa aljihun da Hafsatu ta ɗinke ba, na mutum ɗaya ne. Agali ya sayi tiken kafin shi ma ya ƙare, suka koma gefe.

"Shiga," in ji Na'Allah. "Ka kalla da kyau, ka ba ni labari a mota."

"Kai za ka shiga, Baba. Don kai aka zo."

"In shiga in yi mi? In sunsuna?"

"To ni in shiga in yi magana da wa?"

Na'Allah ya shafa ƙirjinsa daidai inda aljihun yake. Agali ya riƙe masa hannu. "Wannan ko hannuna bai kai can. Gara in fuskanci ƴan bayan Tasawa su duka da in fuskanci Hafsatu."

Suna nan tsaye Agali ya ji mai tsaron ƙofar tiribin yana yi wa abokin aikinsa faɗa da Zabarmanci. Wani gajere ne kakkaura, yana karɓar tike yana yagawa ba ya ko ɗaga kai. Nan take Agali ya ga hanya. Tsakanin Buzu da Bazabarme akwai wasan taubasai tun kakanni. Su zagi juna, su ƙwace wa juna hula, su ɗora wa juna tara, ba mai fushi. Wanda ya yi fushi ko ya ƙi, shi ya faɗi, ya kuma jawo wa danginsa duka abin dariya.

Ya ja tsoho suka shiga layi. Da suka iso gaba ya ɗaga murya.

"Kai, ɗan cin kopto, sarkin kwaɗon ganye! Ubangidanka ya iso, ba ka miƙe ba?"

Mai ƙofa bai ɗago ba. "Tun daga tasha nike jin warin raƙumi. Wa ya bar Buzu ya shigo birni ba igiya?"

"Mi sunanka, in san yaron da zan sa a rubuta mani?"

"Hama. Riƙe shi da kyau, sunan mai gidanka ne." Sai yanzu ya ɗago, yana murmushi, ya dubi hannun Agali. "Tike guda nike gani, mutum biyu nike gani. Ko haka ake lissafi a dajinku?"

Kafin Agali ya amsa, Na'Allah ya matso da sandarsa.

"Ɗana, sannu da aiki. Wancan mai lasifika, mi yake cewa?"

"Jika biyu, Baba."

"A'a, kafin jika biyun. Kuɗin mi ya ce?"

"Kuɗin kallo."

"Madalla. To dube ni da kyau." Tsoho ya ɗaga fuskarsa sama. "Mi zan kalla?"

Waɗanda ke bayansu a layi suka fara dariya. Hama ya nuna allon da ke saman ƙofa. "Baba, ga shi an rubuta da Faransanci, antire. Antire shiga ke nan. Kuɗin shiga ne."

"Ni ban ga allo ba. Abin da kunnena ya ji shi na sani. Kuma kalmar nan kar ka koya mani ita, ni na haife ta a Dakoro kana cikin zane."

"Tsoho ya yi gaskiya!" in ji wata mai sayar da ruwa.

"Ai zai zauna bisa kujera," in ji wani daga baya.

"An ce kuɗin zama?" ta mayar masa. "Kai ma da ka iya ka kawo taka hujjar."

Agali ya nuna idanunsa da yatsu biyu. "Ka gan su? Guda biyu ne, mu biyu muke aiki da su. Ni in gani, shi ya ji. Na biya masu kuɗinsu. In kana da tiken kunne, fito da shi mu ga farashi."

Hama ya kama ciki yana dariya har hularsa ta zame. Ya leƙa hagu da dama ko shugabansa na kusa. A ciki aka saki wata irin sowa, alamar ƴan wasa sun fito. A fuskarsa ana gani ya riga ya yarda, amma Bazabarme bai barin Buzu ya ci shi a bainar jama'a ya wuce haka nan.

"Na ji. Ido biyu, tike guda. Amma doka ta ce duk mai shiga sai an ga fuskarsa."

"Ga idona kana gani."

"Ido na tsoho ne, kai ka faɗa da bakinka. Ni naka nike son gani." Ya nuna ƙyallen rawanin da ya rufe wa Agali hanci da baki. "Sauke amawali. Kuma ba ka maida shi sai an tashi wasa. Rediyon tsoho ba ta yin aiki cikin tsumma. Tarata ke nan."

Dariya ta ragu. Mutanen Maradi sun san Buzaye, sun san abin da aka taɓa.

Tun ranar da kawunnansa suka naɗa masa rawani suka ce ya zama namiji, Agali bai taɓa zama a gaban babba da baki a buɗe ba. Ta ƙarƙashin ƙyalle yake shan shayi. Surukarsa har ta rasu ba ta san kamannin haɓarsa ba. In jami'ai suka tsayar da mota a hanya, yakan juya baya ya ɗan ja ƙyallen ya mayar, kamar ƙiftawar ido. Amma tsawon wasa guda, cikin dubban mutane, kafaɗa da kafaɗa da mutumin da yake kira Baba, wannan a wurinsa kamar a ce ya tuɓe riga ne a tsakiyar kara.

Na'Allah ya daɗe da Buzaye, ya san nauyin abin. Ya ja hannun Agali, ya ce a hankali, "Bar shi. Mu koma gindin katanga. Ihu ma labari ne, za mu gane wa ke ci."

Ya juya da kansa, yana laluben hanya da sanda, ya nufi inda ba nan ne hanya ba. Agali ya tsaya yana kallon bayan sabuwar rigar nan kore da fari, har yanzu da karin guga a kafaɗa, tana shirin komawa Dakoro ba ta shiga ko'ina ba.

Ya kai hannu ya ja amawali ƙasa har wuya.

Iskar Maradi ta bugi leɓɓansa. Sai mai ruwa ta rangaɗa guɗa.

"Mi ya faru?" in ji Na'Allah, ya tsaya cak. "Agali, ka sauke?"

"Na sauke, Baba."

Sai son sani ya fi ƙarfin tsoho. "To mi ke ƙasa?"

"Baba, Allah ya rufa maka asiri da ba ka gani," in ji Hama. "Wushirya ce, amalanke na iya ratsawa. Ga ɗan gemu kamar na bunsurun da bai ƙoshi ba."

"Ikon Allah! Shekara da shekaru ina zaune kusa da wushirya ba wanda ya gaya mani!"

Hama ya karɓi tike ya yaga biyu yadda ya saba, amma maimakon ya jefa rabi cikin kwali, sai ya danƙa wa kowa rabi a hannu. Ya kama hannun Na'Allah da hannu biyu ya tsallakar da shi dokin ƙofa. "Ku wuce kafin shef, shugabanmu, ya dawo. Kai kuma Buzu, ina leƙowa. In na ga tsumman nan ya hau, waje."

Tiribin wata duniya ce. Manyan ƴan kasuwa da ma'aikata, turare, wayoyi manya-manya, ga mutanen Tasawa jere guda da tutarsu. Wani ya matsa ya ba tsoho wuri. Agali ya zauna a takure, tafin hannunsa a kan baki.

"Fara da hakin," in ji Na'Allah. "Yaya yake?"

Agali ya daɗe yana dubawa. "Kore ne, Baba. Amma ban yarda da shi ba. Tsawonsa ɗaya, launinsa ɗaya, ko fara guda ba ta tashi daga ciki."

"Roba ce," in ji wani mai tabarau a gefensu. "Shimfiɗa ta aka yi."

"Roba?" Na'Allah ya buga sanda a ƙasa yana ƙyaƙyatawa. "Mun baro Dakoro, mun fasa taya, Buzu ya tuɓe, don tabarma! To ba komi. Cire hannun nan daga bakinka, ban jin ka. Ko ka manta abin da muka biya?"

Aka busa. Agali ya sauke hannu, don ba yadda za a yi magana cikin wannan ƙara da baki a toshe. Muryar da ta fito shi kansa sai da ta ba shi tsoro. Murya ce ta kiran dabbobi daga tudu zuwa tudu, wadda ta yi shekaru tana tacewa ta cikin ƙyalle.

"Shanunmu sun ja baya, Baba, sun taru bakin rijiya. Ga wata akuyar Tasawa ta gefen hagu, ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa. Tare ta! Tare ta, Yazidu! Ya tare. Ya ba raƙumi. Raƙumi na tafe, na tafe... kash, mai gona ya busa."

"Wane ne mai gona?" in ji mai tabarau.

"Arbit," in ji Na'Allah, da alfaharin mai fassara.

Maganar ta bi jere ta sauka ta hau. Kafin a je hutu, duk lokacin da alƙali ya busa abin da bai gamshi mutane ba, rabin tiribin ke miƙewa: "Mai gona! Ba gonarka ba ce!" Wani alhaji ya kashe rediyon da ke kunnensa ya jawo kujera kusa. Tasawa ta zura ɗaya kafin hutu, Agali ya faɗa yadda abin ya faru bai rage komai ba, tsoho ya gyaɗa kai ya ce laifin shanu ne. A hutun aka aiko musu da ruwan sanyi daga hannun da ba su sani ba. Hama ya leƙo daga bakin matakala, ya nuna haɓarsa, Agali ya yi masa daƙuwa.

Rana ta yi ƙasa, wasa ya kusa ƙarewa, Matasan Tarka suka samu bugun kusurwa.

"Yazidu ya aje ta, Baba. Ya ja baya. Garke duka ya taru bakin rijiyarsu, har shanunmu sun taho. Raƙumi na can baya, shina yi kamar ba ruwansa. Ya bugo. Ta tashi, ta tashi, raƙumi ya miƙa wuya..."

Daga nan ba a ƙara jin kalma ba. Agali ya yi sama, hannuwa a buɗe, wushirya a waje, yana wani ihu da Buzanci wanda ba mai fassara shi. Fili duka ya ɗauka. Na'Allah na zaune shi kaɗai cikin ƙafafun mutane, ya kamo gefen rigar Agali yana ja da ƙarfi.

"Ta shiga? Agali! Na wa ne? Kai, ɗan banza, na wa ne?"

Mai tabarau da alhaji da wani daga jeren Tasawa suka sunkuyo kansa a tare.

"Naku ne, Baba! Naku ne!"

Tsoho ya miƙe ba sanda. Ya ɗaga hannu biyu, ya juya yana fuskantar bangon baya, yana yi wa bango kirarin Matasan Tarka, har sai da Agali ya dawo hayyacinsa ya juyo da shi wajen fili.

Kofin dai Tasawa ta tafi da shi, a bugun fenariti. Raƙumin ne ma ya harba tasa sama, ta nufi wajen masu ruwan sanyi. Agali ya faɗa, Na'Allah ya ce raƙumi da ma ba a san shi da saiti ba, wuya gare shi, kuma wuyan ya yi aikinsa. Bai saki rabin tikensa ba. Yana ta murza shi cikin yatsu yana tambaya ko ragar ta motsa sosai, ko yaran sun yi sujada, ko rigunansu sun yi kyau bisa tabarmar.

Ana busa ta ƙarshe Agali ya ja amawali ya mayar har bisa hanci. Ya ɗauko sanda ya sa wa tsoho a hannu.

"Tashi mu je, Baba, kar mota ta bar mu."

Na'Allah ya karkata kai. Muryar ta koma can ciki, inda ya saba jin ta.

"Ka maida?"

"An tashi wasa."

"To a Dakoro fa? Yau na ji ka tas, ko kalma ban ce ka sake ba."

"A Dakoro ba Bazabarme a ƙofa."

"Sai mu nemo," in ji Na'Allah, ya kama gwiwar hannunsa suka fara sauka. "Tambayi wancan gajeren ko nawa ake biyansa a nan."